Alhakin Bamaguje

Mu da muka tashi a cikin birni akwai wani karatu da ba a makaranta aka biya mana shi ba, amma ya zauna daram a zukatanmu: wai mutumin da ba ya salla ba shi da abin da zai hana shi ɓarna. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini haka. A bakin manya na tsince shi. In yaro ya yi mugunta sai a ce masa "kai ko arne", in an ga ƙazanta a ce sai ka ce gidan Maguzawa. Har na fara gemu ban taɓa yin hira da Bamaguje wadda ta wuce ta ciniki ba, amma da za a tambaye ni halinsu a lokacin, da na zayyana shi ko numfashi ban ja ba. Wannan karatun ne ya sa na zalunci wani dattijo, kuma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai jikina ya yi sanyi.

Ina saurayi kawuna ya sa ni a harkar hatsi. Shi yana zaune a shagonsa na kasuwar Dawanau a Kano, ni kuma da kaka ta yi sai ya damƙa mini kuɗi in shiga ƙauyukan kudancin Katsina, wajejen Malumfashi da Kafur, ina bin kasuwanni ina tara masara da dawa. Ƙasa ce mai albarkar noma. Tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya wadata, masarar da a da ake shukawa a bayan gida don yara su gasa ta koma amfanin gona na kasuwa. A cikin manoman yankin kuwa, kowane ɗan kasuwa ya san Maguzawa ne a gaba. Ba sa zama cikin gari. Gidajensu a tsakiyar gonaki suke, manya-manya, kaka da 'ya'ya da jikoki duk cikin danga ɗaya, rumbuna jere, matansu kuma suna riƙe fartanya kamar yadda maza ke riƙewa.

Babbar mota ba kullum take shigowa ba, dole mai saye ya sami wurin ajiya har kaya su taru. Mai unguwar wurin, Musulmi ne, shi ya nuna mini gidan wani dattijon Bamaguje da ke kusa da hanya. Ya ce duk fataken da ke zuwa a can suke ajiya. Da ina da hankali a lokacin da wannan maganar kaɗai ta ishe ni, don ɗan kasuwa ba ya kai dukiyarsa gidan da ake ci.

Duk sanda na kawo kaya a amalanke, sai in tarar da dattijon zaune a gindin ɗorawa, da wani ɗan ƙoƙo a gefensa. In aka sauke buhu ɗaya aka shiga da shi ɗaki, sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa a ƙoƙon. Ni kuma ina tsaye da littafi da biro ina rubutawa. A raina ina ganin nawa ne lissafi, nasa wasan yara.

Ranar da mota ta zo, 'yan dako suka loda kaya tsaf, na duba littafi na ga saura buhu huɗu. Na leƙa ɗaki, wayam. Na ce, "Baba, kaya ba su cika ba." Ya ce, "Malam, abin da ka kawo shi ne a cikin mota." Ya juye ƙoƙon a ƙasa, ya ware tsakuwoyin goma-goma da ɗan yatsa, a natse, ya ƙirga su a gabana da gaban direba. Suka yi daidai da abin da ke cikin mota. Na ce masa ai tsakuwa ko jariri ya iya tsame huɗu ya watsar. Bai tanka ba. Ya tattara su ya mayar cikin ƙoƙo.

Kashegari ranar kasuwa ce, na kai ƙara wurin mai unguwa, jama'a sun cika ƙofar gida. A nan na yi maganar da ta fi komai muni a cikin wannan labari. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da bai san alƙibla ba, bai san hisabi ba, giya ce ruwan shansa, me zai hana shi cin amana?" Ban kawo shaida ko ɗaya ba. Ba wanda ya ga an fita da buhu, ba a fasa ƙofa ba, ba a ga sawu ba. Addininsa kawai na ɗora a ma'auni.

Dattijon ya miƙe da sandarsa, ya ɗaga hannu sama ya ce, in shi ya ci, ko wani na gidansa ya ci da saninsa, aradu ta faɗa masa kafin damina mai zuwa ta fita. Wurin ya yi tsit. Na ga waɗanda ke kusa da shi suna ja da baya, har da Musulmi. Ni kuwa na ce tsafi gaskiyar mai shi, rantsuwar da ba da Alƙur'ani aka yi ba ba ta ɗaure kowa. Mai unguwa ya yafito ni, ya rage murya ya ce, "Yaro, bi a hankali. A gidan nan na tashi ina ganin mahaifina yana sasanta mutane, ban taɓa ganin mutanen nan sun kira aradu a kan ƙarya ba." Ban ji ba. Ƙuruciya da littafi a hannu sun toshe mini kunne.

Da ya ga na kafe, sai dattijon ya ce zai biya. Muka koma gidansa. Ya sa babban ɗansa ya kafa tsani ya hau rumbun gandu, ya ɗage jinkar. A al'adar gidan, wannan rumbun in an rufe shi bayan girbi ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an fita noma, don shi ne abincin da zai riƙe gida a cikin damina. Matan gidan suka fito suka tsaya daga nesa, ba mai magana. Aka sauko da hatsi, aka casa, aka auna mini buhu huɗu cif. Na tafi ina cewa a zuciyata, ai ga shi nan, da bai ci ba da bai biya ba.

A Kano asiri ya tonu, kuma nawa ne ya tonu. Kawu ba ya wasa da lissafi: kuɗin da ya ba ni, kuɗin kayan da na saya, sai canjin da ya rage. Da muka zauna sai canjin da ke jakata ya haura abin da ya kamata, da kuɗin buhu huɗu daidai. Muka bi littafin layi-layi. Wani ciniki da na yi a wata kasuwa na rubuta shi a ƙasan shafi, da na juya sai na sake rubuta shi a saman na gaba. Buhunan da na yi ta hayaniya a kansu ba su taɓa wanzuwa ba.

Kawu ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Me ka ce masa a gaban jama'a?" Na maimaita. Ya yi salati ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Addinin da ka je kana taƙama da shi, wa ya ɗora wa kawo hujja? Mai da'awa ne. Wanda ya musa kuma rantsuwa ce tasa. Ba a ce ban da Bamaguje ba. Ka tashi ka mayar wa mutum hatsinsa."

Ban tashi ba. Wannan shi ne laifi na biyu, kuma a wurina ya fi na farko nauyi, don na farko da jahilci na yi shi, na biyu kuwa ina sane. Na ce hanya ta lalace, na ce kasuwa ta yi zafi, na ce bari ruwa ya ɗauke. Gaskiyar magana kunya nake ji in durƙusa a gaban wanda na kira arne. Sai da wata kakar ta zagayo sannan na koma. A tsakanin nan fatake sun daina ajiya a gidansa. Ɗan nan da ya hau rumbu, in ya shiga kasuwa yara na bin sa da "ina masarar Malam?" Akwai maganar aure da ake yi wa wani jikansa, dangin yarinyar suka ja ƙafa. Duk ina Kano ina cin tuwo.

Na tarar da shi a gindin ɗorawar nan. Na sauke buhu huɗu, na durƙusa, na faɗi abin da ya faru, na miƙa masa kuɗi a kai don ban haƙuri. Ya sa aka shiga da hatsin. Kuɗin kuwa ya ture su da bayan hannu. Ya ce, "Malam, hatsi ya dawo rumbu. Maganar da ka saki a kasuwa fa, wa zai kamo ta?" Na ce ya faɗi abin da yake so in yi. Ya ce ba a gidansa na ɓata shi ba, don haka ba a gidansa zan wanke shi ba. In jira ranar kasuwa, a ƙofar mai unguwa, in faɗa da irin muryar da na faɗi waccan.

Na yi. Ban taɓa yin tsayuwar da ta fi wannan wuya ba. Na buɗe littafin na nuna shafukan biyu ga duk wanda ya iya karatu, na ce ni ne maƙaryaci, tsakuwar Baba ce mai gaskiya. Da na gama ya ce, "To, ta wuce." Bai sake tayar da ita ba har ya bar duniya.

Daga wannan shekarar na koma ajiya a gidansa, kuma in dare ya yi mini a can nakan zauna mu yi hira. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na tambayi mai unguwa, amma wannan karon don in sani. Na ce, "Baba, ku me ke hana ku cin kayan mutane?" Ya ce, "Ku kun ce sai an mutu za a yi hisabi. Mu namu ba ya jiran kabari." Ya ce in ya ci haƙƙin wani, abin ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. Zai shiga gida, ya taɓa yaro, ya taɓa akuya, ya taɓa gona. Ya kawo karin maganar da ni ma na sani tun ina yaro, alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, sai dai shi a wurinsa ba adon magana ba ce, haka ya ɗauka duniya take tafiya. Saboda haka ɓarawo a gidan Bamaguje ba kansa kaɗai ya jawo wa ba, kowa na gidan yana da dalilin sa masa ido.

Na kuma gane cewa zaton da nake yi wai bai san Allah ba shi ma kuskure ne. Sunan Allah ba ya barin bakinsa. Ya yarda Shi ya yi sama da ƙasa, Shi ke ba da ruwa, Shi ke kashewa. Sai dai yana ganin Allah Ya yi nisa, iskoki ne na kusa, su ake yi wa yanka don su bar gida lafiya. Daga baya na ga wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya fitar da littafinsa a 1946, ya rubuta irin wannan, har da sunayen iskoki irin su Kure da Inna. Murray Last ma, wanda ya rubuta tarihin daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a yankin Malumfashi a farkon shekarun 1970. Baƙi sun tsallako teku sun zauna sun saurara, ni da nake yare ɗaya da mutanen na yanke hukunci daga bakin hanya.

Akwai kuma abin da suke kira kan gida. Kowace zuriya tana da wata dabba da ba ta kashewa, ba ta ci: wasu maciji, wasu kada, wasu guza. A gidan Baba guza ce. Na taɓa ganin wani ƙaramin jikansa, da danƙo a hannu, guza ta gifta ta gabansa a bakin gona, ya kauce ya ba ta hanya, alhali bai san ina kallonsa ba. Ban yarda guza tana da wani iko ba, kuma ba zan yarda ba. Amma yaron da ya saba barin nama ya wuce a daji, shi kaɗai, don an ce masa a gidanmu ba a yi, ya riga ya koyi kame hannu a inda ba mai gani. Mu ma abin da muke fatan salla da azumi su dasa wa 'ya'yanmu ke nan.

Sai kyauta. Mahaifin Baba, in ji shi, ya yi dubu, wato ya noma dami dubu a damina ɗaya, aka yi biki aka naɗa shi Sarkin Noma. Na tambaye shi ina hatsin ya tafi, ya ce ai rabar da shi ake yi, a ciyar da duk wanda ya zo, maroƙa da makaɗa da baƙi da maƙwabta. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya ga irin wannan bikin a wurin Anna, masu bin tsohon addini na ƙasar Maraɗi, ya rubuta shi. A wurinsu girman manomi ba ya tabbata da abin da ya tara sai an ga abin da ya fitar. Da na ji haka na tuna cewa ni sana'ata ita ce in sayi hatsi da kaka in ɓoye har ya yi tsada, kuma ni ne na tsaya a kasuwa ina auna imanin ɗan wannan gida.

Kada mai karatu ya ɗauka na ce Maguzawa waliyyai ne. Na ga rigimar da giya ke haddasawa a bukukuwansu, na ga an fasa kai a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai macuta a cikinsu kamar yadda suke a cikinmu. Tsoron nan na abin ɓoye da ke tsare su daga sata, shi ne kuma wani lokaci yake sa a ɗora wa wata tsohuwa maita don yaro ya yi zazzaɓi, kuma wannan zalunci ne ko a gidan wa aka yi shi. Yanka don iskoki kuwa a aƙidata shirka ce, Baba ya san haka nake gani, bai taɓa kirana wurin ba, naman ma ba a kawo mini. Na yi masa tayin Musulunci, ya saurara da kyau, ya ce shi a kan hanyar ubansa zai mutu. Ban ji daɗi ba, har yanzu ban ji daɗi ba. Amma aƙida daban, tuhumar sata daban, ni kuwa na cakuɗa su don in sami abin faɗa a ranar da ba ni da hujja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da zai hana ni wannan ɓarna yana cikin karatun da na yi tun a makarantar allo da ta ilimi. A shekarar hijira, 622, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar suka ɗauka ya nuna musu hanyar Madina, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa a lokacin. An sa ladan raƙuma ɗari ga wanda ya kamo su, mutumin nan ya san inda suke, bai sayar da su ba. Abu Sufyan, tun yana gaba da Musulunci, da Sarkin Rum Hiraƙal ya titsiye shi da tambayoyi a kan Annabi, ya faɗi gaskiya, kuma shi da bakinsa ya ce kunyar kada abokan tafiyarsa su riƙa ba da labarin ya yi ƙarya ce ta hana shi. Muɗ'im ɗan Adiyyi ya mutu bai musulunta ba, amma shi ya ba Annabi mafaka bayan dawowa daga Ɗa'ifa, kuma Annabi bai manta masa ba, har ya ambace shi da alheri bayan yaƙin Badar. A Suratul Ma'ida an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Ko a ƙasarmu, bayan jihadin 1804, Maguzawan da ke cikin daula an bar su a kan addininsu suna biyan jiziya, dukiyarsu da jininsu a tsare. Duk na san waɗannan, na kuma iya kawo su a hira. Ranar da ake bukatarsu a ƙofar mai unguwa ko ɗaya bai zo mini ba.

Akwai kuma wani sakaci da na gano a kaina, ina jin ba ni kaɗai ba ne. Cikin watannin da na ƙi komawa, ina salla, ina istigfari, ina jin kamar nauyin yana raguwa. Alhali malamai sun sha faɗa mana haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Baba da bai taɓa buɗe littafi ba ya riƙe wannan da kyau, har ya san wurin da ya kamata a biya bashin da muryar da za a biya shi. Ni da na haddace hukuncin na mayar da tuba mafakar guje wa mai haƙƙi.

Yau masu bin tsohon addinin sun ragu ƙwarai. Tun rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960 da yawa suka shiga Musulunci, wasu da yawa kuma suka zama Kirista. A gidan Baba ma haka aka rabu, wasu jikokin suna zuwa masallaci, wasu coci. Amma sunan Bamaguje bai bar su ba, kuma irin kallon da na yi wa kakansu har yanzu akwai masu yi musu shi, a kasuwa, a layin asibiti, a wurin rabon taki, a gaban masu sasanta rikicin gona.

Kai da ke riƙe da littafi ko hatimi ko ma'auni, in irin wannan mutum ya tsaya a gabanka, ka nemi shaida kamar yadda za ka nema in ɗan limamin unguwarku ne ake tuhuma. In kuwa ka riga ka yi irin tawa, kuma mutumin yana raye, kada ka jira wata kakar. Ka je wurin da ka ɓata shi, a gaban waɗanda suka ji, ka warware da bakinka.